Mai Gadin Ɗaki Na Huɗu

Shekara ashirin da shida ke nan
ina kan kujerar bakin ƙofa.
Ƙafarta ɗaya ta gaza,
na tokare ta da murfin kwalba.
Sunana Taisiya. Ba mai tambaya.
Aikina in ce, "Kada a taɓa,"
in ce, "A ɗora takalmin tsumma kan na waje,"
don daɓen katakon nan ya girmi kakata.

Gidan na wani attajirin gishiri ne, Yermolai.
Da jiragen ruwa ya tara dukiya,
da dukiya ya tara fuskoki.
Ranar da gari ya juye
ya bar shayi da zafinsa a tebur,
ya bi kogi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.
Abin da ya bari muke ƙirgawa kowace yamma:
janar uku masu gashin baki iri ɗaya,
gonar hatsi tana jiran hadari,
waliyyan allo da aka kwaso daga cocin ƙauye,
hayaƙin kyandir ya cinye musu rabin ido,
sai wata ma'aikaciyar masaƙa, damtse kamar turmi,
da babban birni ya aiko mana ba mu roƙa ba.

Tawa tana kusa da taga.
Takardar ƙasanta ta ce:
Wata mace. Ba a san mai zanen ba.
Baƙin mayafi, baƙin bango,
hannu ɗaya ya nutse a duhu.
In sanyi ya kai sanyi,
bututun ɗumi na tari kamar tsoho,
dusar ƙanƙara ta toshe rabin gilashi,
ba baƙo ko ɗaya tun safe,
ni da ita mukan yi hira ba da baki ba.
Ita na fara faɗa wa
ranar da Arkadi ya kwanta bai farka ba.
Ba ta ce in yi haƙuri ba.
Shi ya sa na riƙe ta.

Bara aka shigo da akwati.
Wani saurayi mai farar safar hannu, Rodiyon,
ya ce za a kai ta Mosko a wanke.
Wata tara bango ya zauna da tabo,
fili mai haske inda rana ba ta taɓa lasa ba.
Na ci gaba da gadinsa.
'Yan makaranta suka zo a jere,
wata mai giɓi ta ja min hannun riga:
"Kaka, wannan zanen mene ne?"
Na ce, "Zanen jira ne."
Ta ƙura ido, ta ce bai yi kyau ba.

Ta dawo da narkewar ƙanƙara,
muna jera bokitai inda rufi ke yoyo.
Aka zare kusoshi.
Ashe mayafin kore ne.
Ashe bangon taga ce,
ga kogi a bayanta, ga jirgin gishiri.
Ashe hannun da ke duhu
tuffa ya riƙe, an gatsa sau ɗaya.
Yarinya ce, ko ashirin ba ta kai ba.
Abin da na ɗauka takaba
daud'ar shekara ɗari ce da hayaƙin murhu.

Shugabar gida ta yi jawabi, aka tafa.
Ni kuwa kunya ta rufe ni,
kamar wadda ta kwance bakin jakarta
a gaban jikarta.
Kwana uku ban ɗaga ido ba.

Na huɗu, da zan kashe fitila,
na matsa kusa fiye da yadda nake barin kowa.
A gefen bakinta na hagu
mai wankin ya bar ɗigon duhu,
bai fi ƙwayar riɗi ba.
Ko mantuwa ce, ko tausayi, oho.

Na ce, "To, ke ce."
Na ja ƙofa, na buɗe littafi,
na rubuta da biron da ke yankewa:
arba'in da ɗaya, duk suna nan.